Igiyar Fata da Tayar Gaya

A shekarar da gwamnati ta ce kowa ya bar hannun hagu ya koma tuƙi ta hannun dama, a farkon daminarta, na yi tafiyar da ta fi kowace nisa a rayuwata, kuma ba don komai ba sai don tayar babur guda ɗaya. Tun da na dawo Kontagora abokan karatuna na ajin yaƙi da jahilci ba su bar ni na huta ba. Wannan ya ce, "Garba, wai da gaske ne a Faransi mata na hawa babur?" Wancan ya ce, "Me suke ci?" Na faɗa na sake faɗa, har labarin ya fara canza kama a bakin mutane. Jiya na ji wani yana rantsuwa wai kada ne ya cinye tayar a kogin Kwara. Shi ya sa na ga gara in rubuta yadda abin ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

Sana'ata kai burodi. Kullum da safe ina ɗaura akwati a bayan babur daga gidan burodin Alhaji Ndagi, in bi hanyar Ibeto, in ratse cikin tungayen da ke bayanta. Hanyar kashi uku ce: akwai kwalta, akwai burji, sai wata fadama mai baƙar laka wadda in ta sha ruwa ko akuya sai ta yi tunani kafin ta taka. Tayata ta baya ta suɗe ƙal kamar bayan ƙwarya. Ruwan fari ya kayar da ni a fadamar. Ruwa na biyu ya sake kayar da ni, akwati ya buɗe, na dawo da kaya rabi burodi rabi laka.

Alhaji ya ɗaga guda ɗaya ya juya shi, ya ce, "Garba, ni burodi nake gasawa, ba tubali ba. Ƙanen matata yana nan zaune ba aiki, kuma yana da keke. In ya iso laka sai ya ɗauki kekensa a ka ya haye. Je ka nemo taya, shi zai riƙe hanyar kafin ka dawo. In ka dawo da taya mai riƙe ƙasa, hanya taka ce. In babu, tasa ce."

Da wannan hanya nake ci da gidana, saboda haka na tashi neman taya. Tun bayan yaƙin basasa kayan babur suka yi wuya. Abin da ke kasuwarmu tsofaffi ne da aka sake yi wa zane da ƙarfe mai zafi aka shafa musu baƙi. Wani abokin cinikina, Bulus, Bakambare manomi a bayan Ibeto, ya ce zai je Gaya ta ƙetaren iyaka, a ƙasar da muke kira Faransi, sayen gishirin shanu, kuma da ya je bara ya ga tayoyi sababbi rataye kamar kilishi. Na ce to mu tafi tare.

Sai maganar awo ta taso. Babur ɗin nan na saye shi ne a hannun wani da ya yi aikin madatsar Kainji, kuma ƙafarsa ta baya ba tasa ba ce ta asali, daga wani babur aka ciro ta. Lambar da ke jikin tayar kuwa duwatsu sun goge ta. Tanko bakanike ya cire tayar ya ajiye a ƙasa, ya ce a auna faɗin bakinta da igiya. Nan mutanen majalisa suka sa baki. Wani ya ce zaren auduga. Aka ce yana miƙewa. Wani ya ce igiyar rama. Aka ce in ta jiƙe takurewa take yi. Malam Isa baduku, wanda rumfarsa ke maƙwabtaka da ta Tanko, ya ajiye basilla ya ce, "Ku duka ba ku san abin da kuke faɗa ba. Me ake ɗaure sirdi da shi?" Ya yanko mini igiyar fata doguwa, aka shimfiɗa ta a bakin tayar, ya ƙulla ƙulli a wannan gefe da wancan. Ya ce, "Tsakanin ƙullin nan biyu, ita ce tayarka. Ko Makka ka kai ta, haka za ta dawo." Na yi ɗamara da ita a ƙarƙashin riga don kada ta ɓata.

Mun hau motar kaya zuwa Yawuri. Direban bai gama sabawa da sabon hannu ba. In hanya ta yi shiru sai ya koma hagu abinsa, sai wata mota ta ɓullo mu duka mu kwarma ihu, "Dama! Dama!" Wata tsohuwa mai tallar daddawa ta ce ita dai ba ta ga abin da hagu ya yi wa gwamnati ba. A wata kwana da ya fizge motar, hulata ta tashi. Na buga masa ƙarfe ya tsaya, ya leƙo ya ce, "Mutum ne ya faɗi?" Na ce hula ce. Ya ce, "Allah ya jiƙanta," ya ja mota.

A Yawuri muka shiga jirgin ruwa mai inji, wanda ke kai albasa da fasinja sama har Lolo. Ban taɓa ganin ruwa da yawa haka ba. Mai jirgin dattijo ne, Bagunge, ɗan ƙabilar tsibiran kogin, kuma a wani wuri ya sassauta inji ya nuna mini ruwa fili, ya ce, "Nan gidanmu yake, ƙarƙashinka, kafin madatsa. Ga rijiya can, ga kukar kasuwa." Na leƙa ban ga komai ba sai fuskata. Na tambaye shi yadda yake gane wurin. Ya ce, "Kai kana ɓata hanyar gidanku in an yi duhu?"

Bulus bai yarda da ruwa ba. Ya zauna tsakiyar buhunan albasa ya rufe ido yana motsa baki. Na ce, "Bulus, ba kai ne ka taɓa zuwa ba?" Ya ce, "Shi ya sa. Kai da ba ka sani ba, yi ta kallo."

Bayan azahar hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta ɗage tamfol ɗin da aka rufe albasa da shi, kusurwa ɗaya ta tsinke tana ta faɗi-tashi. Mai jirgi ya yi ihu, "Igiya! Wa ke da igiya?" Kowa ya duba kowa. In albasa ta jiƙe ta lalace, kuma tamfol ɗin na neman ya kifar da mu. Na kwance ɗamarata na miƙa. Aka ɗaure kusurwar tam da ƙarfen jirgi, ruwa ya yi ta dukanta, iska na ja, har yamma. Butata ta alwala ta bi ruwa a cikin wannan hargitsi. Da aka lafa, mai jirgi ya kwance igiyar ya ba ni, ya ce, "Wanda ya yanka wannan ya san fata." Na duba ƙulli biyu suna nan daram. Na ji daɗi, na mayar da ita ƙugu.

Daga Lolo muka ƙarasa bakin iyaka. Ni a zatona zan ga katanga ko babbar ƙofa. Ashe gora ce guda aka gitta a kan ganga biyu, akuyoyi na wucewa ta ƙarƙashinta ba mai tambayarsu takarda. Jandarman da ke wurin siriri ne, da hula mai kama da gwangwani, kuma Hausarsa ta fi tawa gudu. Ya duba takardar harajinmu, ya sa muka naɗe hannun riga ya ga tabon lambar rigakafi. Da ya shafa ƙuguna ya ji abu, sai ya ja baya.

"Mene ne wannan? Guru?"

"Awo ne, ranka ya daɗe."

"Awon me?"

"Taya."

Ya kira abokin aikinsa, suka yi magana da Faransanci suka tuntsire da dariya. Ya ce, "Ku 'yan Ingilishi, sai yanzu kuka gane hannun da ake tuƙi, ga shi kuma da bulala kuke auna taya." Ya naɗa igiyar a hannu biyu ya ja iya ƙarfinsa don ya ga ko an ɗinke wani abu a ciki. Tana nan da danshinta. Bai sami komai ba, ya jefo mini, ya ɗaga gora.

A Gaya muka sauka gidan wani fatoma, Malam Hassumi, mai saukar da fataken gishiri. Zaure ne babba, kowa da tabarmarsa, kuma duk wanda ya shigo sai ya ce "fofo," wato sannu. Mutanen garin suna jin Hausa sarai, amma in suka juya ga junansu sai su koma yarensu na Dandanci. An kawo mana dambun zogale da ƙuli da mai, da kifi busasshe a miya. Wannan bai ba ni mamaki ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne burodinsu.

Ni mai burodi ne, saboda haka ku yarda da abin da zan faɗa. Dogo ne kamar sandar makiyayi, bayansa da tauri, cikinsa duk ramuka, kuma ba sukari ko kaɗan. Ba a naɗe shi a takarda, ba a sa shi a akwati. Mutum zai saƙale shi a hammata ya hau keke, ya tsaya ya gaisa, ya nuna hanya da shi. Da safe suna tsoma shi a kofi da madara cikin kwano, ba kofin shayi ba. Na ce wa Malam Hassumi a garinmu in burodi bai yi laushi ya yi zaƙi ba, ba mai saye. Ya ce ya taɓa cin namu a Kamba, ya ɗauka katifa ce aka yanka masa. Bulus ya ciji nasu da ƙarfi ya ce dasashinsa ya fashe, daga nan bai sake taɓawa ba. Ni kuwa na yi ta tunani: da irin wannan nake kaiwa Ibeto, in na faɗi sai in kakkaɓe shi kawai.

Maganar mata da babur gaskiya ce. Na ga wata da ɗan ƙaramin babur mai feda kamar keke, da goyo a baya da tire a ka, ta wuce jandarma ko kallonta bai yi ba. Wani abin kuma, da rana ta take sai kantuna su rufe, ma'aikata su tafi gida su kwanta, sai wajen la'asar a sake buɗewa. Na tambaya ko rasuwa aka yi. Aka ce a'a, barci ne, kuma kullum haka ake yi.

Kafin in je wurin masu taya, na tsaya bakin tasha ina duba ƙafar duk babur ɗin da ya tsaya. Wani malamin dabbobi mai yawon ƙauyuka yana da taya mai manyan haƙora. Ya ce a laka ba ta da na biyu, amma a kan kwalta mai ruwa rawa take yi, kuma kukanta na hana shi jin mota a bayansa. Wani mai kai wasiƙu yana da mai siraran layuka. Ya ce a kwalta kamar jirgi, amma ranar da ya shiga fadama sai da aka zo da jaki. Kowa na yabon tasa yana kuma zaginta.

Malam Hassumi ya kai ni rumfar da ya ce ta fi kowace. Mai rumfar mace ce, 'yar Dahome, ƙaƙƙarfa, kowa na kiranta Madam. A garinmu ban taɓa ganin mace na sayar da ko ƙusa ta babur ba. Ta dube ni daga kai ba hula har ƙafa, ta ce, "Ɗan Ingilishi, wace irin hanya kake bi?"

Na ce, "Ba za ki tambayi irin babur ɗin ba?"

"Babur ba ya taka ƙasa. Faɗa mini hanya."

Na faɗa mata kwalta da burji da fadama. Ta sauko da taya uku. Akwai taɓo a gefen rumfar inda ruwan rufi ke zuba. Ta danna mai siraran layuka a ciki ta murza ta ɗago: laka ta cike layukan, ta koma sumul kamar tawa ta gida. Ta danna mai manyan haƙora: lakar ta zube da kanta. Sai ta watsa ruwa a kan daɓen siminti ta ce in tura ta da hannu. Na tura, ta zame, don haƙoran kaɗan ne ke taɓa ƙasa. Ta uku tana da haƙora matsakaita a gefe, tsakiyarta kuma da kwari masu karkata. Madam ta bi kwarin da yatsa, ta ce ta nan ruwa ke gudu waje. Ta ce, "Wannan ba ta fi kowa a laka ba, ba ta fi kowa a kwalta ba, amma ba za ta ba ka kunya a ko'ina ba. Irin mijin da ake so ke nan." Matan rumfar kusa suka yi shewa.

Ta koya mini abubuwan da ban sani ba. In danna farce a jikin robar: in ya shiga kaɗan, za ta riƙe ƙasa mai ruwa, in ta yi tauri kamar ƙaho, za ta daɗe amma za ta kayar da ni. In duba 'yan gashin roba da ke jikin sabuwa. In shinshina, don tsohuwar da aka yi wa kwalliya warin man takalmi take yi. Ta ce da damina in rage iska kaɗan kafin in shiga fadama. Na zaɓi ta ukun.

Sai ta ce in kawo lamba. Na kwance igiyata. Ta shimfiɗa a bakin wata taya irin wadda na zaɓa, ƙulli ya wuce. Ta ɗauko wadda ta fi ta girma, ƙulli biyu suka zauna daidai gefe da gefe. Ta ɗaga gira.

"Babban babur ne da kai haka? Ba ka yi kama da mai babban babur ba."

Na ce ƙafar ba ta asali ba ce, kuma baduku ne ya yi awon da hannunsa.

Ta ce, "To. In ka fita da ita ba na karɓa, ko da kuka ka zo."

Bulus ya gama ɗaure gishirinsa, muka biyo mota ta Kamba da Jega da Koko, don ya rantse ba zai sake shiga ruwa ba. Na rataya tayar a wuya saboda kada a danne ta da kaya. Duk garin da muka tsaya sai an tambaye ni ina sauran babur ɗin. Kusa da Koko motar ta kafe, muka sauka turi, laka ta riƙe takalmina na dama ba ta sake shi ba.

Ban ko shiga gida ba na wuce rumfar Tanko. Majalisa ta taru. Aka yi ta shafa tayar ana shinshinawa, ni kuma ina bayanin kwari da haƙora kamar Madam. Tanko ya ɗauko ƙarfen sa taya ya tsuguna. Bai ko yi amfani da shi ba. Tayar ta faɗa kan ƙafar da kanta, ta yi lakwam, har yatsa na shiga tsakani. Ya ɗago ya dube ni.

"Baba Garba, ina awon?"

Na ba shi. Ya shimfiɗa a bakin tsohuwar tayar, ƙulli ya wuce gefe da kusan faɗin yatsa biyu. Malam Isa ya taso ya karɓi igiyar ya murza ta, ya ce, "Wa ya jiƙa ta?" Na ba da labarin tamfol da jandarma. Ya riƙe kai ya ce, "Haba Garba! Fata in ta sha ruwa aka ja ta, ai miƙewa take yi. Kowane yaro ya san wannan." Tanko ya ce, "Kowane yaro ya sani, amma ranar da kake maganar Makka ba ka faɗa ba." Isa ya ce shi bai san ta ruwa za mu bi ba, kuma bai ba ni ita don in ɗaure jirgi ba. Mai igiyar rama ya ce da ma ya faɗa. Aka ce masa tasa da ta takure, da taya ƙarama na sayo. Suna cikin wannan musu na ɗauki tayata na tafi wurin Alhaji.

Alhaji Ndagi ya juya ta kamar yadda ya juya burodin nan mai laka. Ya ce, "Taya ce mai kyau. Tana hawa babur ɗinka?" Na ce ba ta hawa. Ya ce, "Magana na yi a gaban ƙanen matata, ba zan janye ba. Ka riƙe shagunan cikin gari da bakin kwalta. Ibeto tasa ce." Ban yi gardama ba, don sharaɗin da muka yi ke nan. Na aika Zugurma da Tungan Magajiya ko akwai mai ƙafar babur da za ta dace da tayar, ba a samu ba.

Masu tambaya ko tafiyar ta yi riba, ga abin da ta ci: hula ɗaya, buta ɗaya, takalmi ƙafar dama, darussan da aka yi ba na nan, gaisuwar Malam Isa wadda har yau ba ta dawo daidai ba, da hanyar Ibeto da dukan tungayenta. Tayar kuwa tana nan rataye a zaurena da 'yan gashinta, ba ta taɓa taka laka ba sai ta gefen rumfar Madam.